Daido Moriyama: mai hoton Japan da ya yi shakkar gaskiyar hoto

An saba ɗaukar hoto a matsayin shaidar da ba ta ƙarya. Daido Moriyama, ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoto na Japan, ya shafe fiye da shekara hamsin yana tuhumar wannan fahimta.

An haife shi a 1938 a garin Ikeda da ke yankin Osaka. Ya koyi sana'ar a wurin Takeji Iwamiya, sannan ya koma Tokyo a 1961, inda ya yi shekara uku yana taimaka wa Eikoh Hosoe kafin ya tsaya da ƙafafunsa a 1964. Japan ɗin da ya tarar tana bunƙasa cikin sauri, amma sansanonin sojan Amurka na nan daram, kuma zanga-zangar ɗalibai ta cika jami'o'i.

A cikin wannan yanayi aka kafa mujallar Provoke a 1968, Moriyama ya shige ta daga fitowa ta biyu. Sau uku kacal ta fito, amma ta bar salon da ake kira "are, bure, boke", wato hoto mai kaushi, mai rawa, mai dishi-dishi. A ganin masu mujallar, hoto tsaf irin na talla da jarida yana nuna duniya a tsare, alhali ba haka take ba.

Daga baya ya rungumi kyamarar Polaroid, wadda ke fitar da hoto nan take. Littafinsa Passage na 1999 ya tattara irin waɗannan hotuna: ƙanana, masu duhu, kamar guntayen mafarkin da mutum ke ƙoƙarin tunawa da safe. Kowane hoto kwafi ɗaya ne tak, kuma yana iya dusashewa da tafiyar zamani. Ya kuma taɓa haɗa hotunan Polaroid fiye da 3,000 ya sake gina siffar ɗakin aikinsa.

Kamfanin Polaroid ya sanar da daina yin wannan fim a 2008. Yau da ake iya ƙirƙirar hoto tangaran da kwamfuta a yaɗa shi cikin daƙiƙa, gargaɗin Moriyama ya ƙara nauyi: tsabtar hoto ba hujjar gaskiyarsa ba ce, sai an binciki wanda ya ɗauka da abin da ya bari a waje.