FIƊAR HANCI DA CIWON FUKA: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busowa, masu tari da toshewar hanci kan yi yawa a Kafanchan, Kwoi, Zonkwa da kewayensu. Ƙurar hanya, da hayaƙin ƙunar daji, da ƙurar da ke tashi wajen shanya citta duk suna tsananta abin. Mura takan wuce cikin kwana 10. Amma wadda ta zarce mako 12, ga majina mai kauri, ga nauyin fuska, har mutum ya daina jin ƙamshin miya, to, ba mura ba ce. Ciwo ne na kogunan hanci, watau ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan goshi da kumatu. Wani lokaci har nama yakan tsiro a ciki ya rufe hanya.

Hanci da huhu hanya ɗaya ce. Kumburin da ya zauna a sama yakan tayar da na ƙasa, kuma mai toshewar hanci da baki yake numfashi, sai iska mai sanyi da ƙura ta isa huhunsa ba a tace ba. Saboda haka mai fuka, watau asma, wanda kuma ke da wannan ciwo, fukarsa ta fi wuyar kwanciya.

Likita ba ya farawa da wuƙa. Zai fara ba da ruwan gishiri na wanke hanci da maganin fesawa. In an yi watanni babu sauƙi, sa'an nan a yi maganar fiɗa. Ta ƙofar hanci ake shiga da siririn bututu mai fitila, a cire tsiron, a buɗe ƙofofin kogunan. Ba a tsaga fuska. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ke yin wannan aiki, kamar na Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Binciken likitoci ya nuna cewa bayan fiɗa masu fuka da yawa sukan samu sauƙi: tashin ciwon ya ragu, kwanciya asibiti ta ragu, haka ma buƙatar ƙwayoyi masu ƙarfi. Sai dai in an auna ƙarfin huhu, sau da yawa akan tarar bai sake sosai ba. Fiɗa ba ta warkar da fuka. Wanda ya ji hancinsa ya buɗe ya jefar da maganin shaƙarsa, ya jefa ransa cikin haɗari. Tsiron ma yakan dawo, musamman in an bar wanke hanci da fesawa.

Akwai kuma waɗanda asfirin da danginsa, irin su ibuprofen da diclofenac, ke tayar musu da fuka nan take, kuma su ne tsiron ya fi saurin dawo wa. Kada mai fuka da tsiron hanci ya sayi maganin ciwon jiki a kemis ko wurin mai talla sai likita ya yarda. In kuwa ya taɓa shan irinsu numfashi ya sarƙe masa, lalle ne ya faɗa tun kafin a sa ranar fiɗa.