Tarin da ƴan haƙar zinariya ke dawowa da shi gida

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarin Damagaram da yawa suka nufi arewa. A Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, aikin ya fi tsanani, don a can zinariyar tana cikin dutse. Sai an shiga rami mai zurfi an fasa shi, sannan a niƙe a bushe, tunda ruwan sha ma saye ake yi.

Ƙurar da ke tashi tana ɗauke da silika. Wadda ido ba ya gani ita ce mugunyar: takan wuce har can cikin huhu ta zauna, ta bar tabo. Likitoci na kiran cutar silikosis. An daɗe ana bincikenta a ma'adinan tama da na zinariya a duniya, kuma har yau babu maganin da ke goge tabon. Takan ɗauki shekaru kafin ta fito, mutum ya dawo gida ya yi aure, sannan haki ya fara. Kuma huhun da ta raunana ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

To, ƴan uwa, naɗa rawani bai tare wannan ƙura. Takunkumi mai tace iska ake buƙata, da jiƙa dutse in da hali. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, a kai shi likita a gwada kaki, a yi hoton ƙirji a babban asibitin Zinder, ya kuma faɗa musu ya yi aikin rami. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar.