Basirar da ba ta san litar dizal ba

Tun da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a watan Agustan 2024, ake ta yayata cewa da zarar kamfani ya rungumi basirar, hayaƙi zai ragu, muhalli ya huta. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ita kanta basirar maciyar wuta ce. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa rumbunan bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024. Google ma da bakinsa ya ce gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa ta ƙaru da kashi 48 tsakanin 2019 da 2023.

Amfani kam tana da shi, amma aikinta na akawu ne, kuma akawu ba ya lissafi sai an ba shi littafin shiga da fita. Leƙa injin casar shinkafa a Gusau. Janareta na ruri a bayan ɗaki, yaro na tsiyaya dizal daga jarka, ba wanda ya rubuta lita nawa ta ci buhu nawa. Haka manomin rani a bakin gulbin Bungudu, famfonsa na zuba ruwa har kwami ya cika ya tumbatsa. Sai an sa mita da na'urar awo, an tara bayanai na watanni, sa'an nan manhaja za ta gano injin da ke shan mai fiye da kima, ko sa'ar da ya dace a koma kan sola.

Masu kafa hujja da ƙasar Sin, wadda ta fara keɓe biranen gwajin fasahar a 2019, suna mance cewa a 2021 ta buɗe kasuwar da ta sa hayaƙin tashoshin wuta ya zama abin biya. Inda ƙazanta ke cin kuɗi, can kamfani ke neman dabara.

Mu nan, a Satumban 2021 aka kashe layukan waya a faɗin Zamfara saboda tsaro, ɗan kasuwar Tsafe ko kira bai iya yi, balle tura wa manhaja bayanai. Amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara wutarsu. Da jami'anmu za su rage taron bita, su ɗaura rangwamen haraji a kan yawan dizal ɗin da masana'anta ta rage, da masu injin da kansu sun nemi mita.