Amfanin Injin Babur Mai Siffar Gwafa

A hutun da ya wuce na tafi garejin kawuna ina taya shi aiki kamar yadda na saba, ina miƙa masa sifana, ina wanke sassan inji. Galibin baburan da a ke kawo masa na 'yan acaɓa ne, masu silinda ɗaya tak. Ran nan sai ga wani mutum ya zo da wani ƙaton babur na ƙasar waje. Tun daga nesa na ji ƙararsa dabam ce, sai ka ce sukuwar doki. Da na leƙa ƙarƙashin tankin sai na ga silinda biyu sun rabu daga tushe ɗaya kamar gwafa. Kawu ya ce da ni, "Yaro, buɗe idonka da kyau, wannan shi ne injin V."

Da muka dawo makaranta na ba abokaina labari a ɗakin kwana. Wani ɗan ajinmu ya yi mini dariya, ya ce ai wannan tsohon yayi ne, baburan tsere na yanzu silinda huɗu gare su. Muka yi ta gardama har aka kashe fitila. To, abin da ya sa na rubuta wannan bayani ke nan. Kada iyayenmu su tsorata, ba hawa na ke neman in yi ba, ƙirar inji na ke so in koya in Allah ya yarda.

Cewa injin tsoho ne, abokina bai yi ƙarya ba. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da nasa tun 1909, da kusurwar digiri 45 tsakanin silindojin. Amma wanda ya yi suna a fagen tsere shi ne na kamfanin Ducati na Italiya, wanda injiniya Fabio Taglioni ya zana, mai kusurwar digiri 90. Da shi Paul Smart ɗan Ingila ya ci tseren mil 200 na Imola a 1972.

Me ya sa digiri 90? Malaminmu na Fiziks ne ya warware mini wannan. Fistin yana hawa yana sauka sau dubbai a minti ɗaya, shi ya sa babur mai silinda ɗaya ya ke karkarwa har hannun mutum ya mutu a doguwar tafiya. Don a rage wannan sai a ɗora wani nauyi a jikin karanshaf, wato ƙarfen da fistin ya ke juyawa. Amma nauyin nan, idan ya kashe girgizar sama da ƙasa, sai ya haifar da wata ta gaba da baya. To, idan aka kwantar da silinda na biyu a kan digiri 90, motsin fistinsa shi ne zai cinye wannan girgiza ta biyu. Kowane fistin ya zama maganin ɗan'uwansa ke nan, ba sai an ƙara wani ƙarfe na daidaita inji ba. Wannan dabara ta fi kome burge ni, domin lissafi ne kawai ya yi aikin.

Sai maganar ƙarar nan da na ji. Kowane silinda yana tashi sau ɗaya ne idan karanshaf ya zagaya sau biyu, wato digiri 720. Inji mai silinda huɗu a jere yana bugawa daidai wa daida, kowane digiri 180. Shi kuwa na gwafa sai ya buga, bayan digiri 270 ya sake bugawa, sa'an nan ya dakata har digiri 450. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna lugude zai gane. Idan mata huɗu ne a kan turmi, taɓarya ba ta barin hatsi ya huta. Idan biyu ne kuwa, akwai ɗan tsaiko da hatsin zai koma ya zauna a gindin turmi. Mahaya da injiniyoyi da yawa suna ganin haka tayar baya ta ke samun zarafin sake kama kwalta tsakanin bugu da bugu, musamman lokacin da mahayi ya murɗa totur yana fitowa daga kwana. A wurin ne kuwa a kan ci tsere ko a sha ƙasa.

Bugu da ƙari injin siriri ne, da kaɗan ya fi mai silinda ɗaya faɗi, don haka babur yakan kwanta a kwana cikin sauƙi, iska kuma ba ta tare shi sosai. Manyan fistin ɗinsa suna ba da ƙarfin ja tun inji bai yi kuka ba, ba sai an yi ta sauya giya ba.

Tarihi ma ya ba da shaida. A gasar manyan babura ta duniya, Carl Fogarty ya zama zakara sau huɗu a kan Ducati, a 1994 da 1995 da 1998 da 1999. Abin ya kai har kamfanin Honda, wanda ya shahara da silinda huɗu, ya ƙera nasa injin gwafa, Colin Edwards ya ci gasar da shi a 2000 da 2002. Sai dai a faɗi gaskiya, dokar lokacin ta yarda mai silinda biyu ya kai girman cc 1,000, alhali mai huɗu an tsayar da shi a 750. Wannan hujja ce a hannun abokina, ban kuwa ɓoye masa ba.

Yana da wasu hujjojin. Ƙananan fistin sun fi saurin juyawa, saboda haka silinda huɗu sun fi ba da ƙarfin doki. Rabon da injin gwafa ya ci waccan babbar gasa tun 2011, lokacin Carlos Checa, kuma Ducati da kansa ya koma silinda huɗu a babban babur ɗinsa, Panigale V4, a 2018. Injin yana da tsadar ƙira, don kowane silinda da nasa kai da nasa kayan bawul. Silindan baya kuma ba ya samun iska kamar na gaba, ga wuyar isa gare shi. Na gani da idona, sai da muka ɗaga tanki kafin Kawu ya kai hannu ga fulogin baya, yana ta mita.

Duk da haka ga abin da na rufe bakin abokina da shi. Baburan zamani da yawa, irin su Yamaha MT-07 na 2014 da Suzuki GSX-8S na 2023, silinda biyu gare su a tsaye kafaɗa da kafaɗa, don ya fi arha. Amma an karkata karanshaf ɗinsu da digiri 270, yadda za su riƙa bugawa daidai irin bugun injin gwafa. In ji Hausawa, kama da wane ba wane ba ne, gama su sai an sa musu ƙarfen daidaita girgiza. Amma wa zai kwaikwayi abin da ba shi da amfani?

Shi ma na asalin bai mutu ba. A ajin matsakaitan babura, Panigale V2 ya ci gasar duniya a 2023 da 2024. A ƙarshen 2024 kuma Ducati ya nuna sabon injin gwafa mai cc 890, nauyinsa wajen kilo 54, ƙarfinsa doki 120. Babban yayansa mai silinda huɗu ya haura doki 200, amma ina hanyar da mutum zai saki wannan ƙarfi in ba a filin tsere ba?

Abokina dai ya ce bai sallama ba. Mun shirya da hutu mai zuwa zai biyo ni garejin Kawu, idan mai babur ɗin nan ya dawo juyen mai, ya tsuguna ya ji ƙarar da kunnensa.