Mutum biyu da ke so wayarka ta daɗe a hannunka

Batirin wayarka ya kumbura, mai gyara ya ce an manne shi da gam, gara ka sayi sabuwa. Haka sharar kayan lantarki ke taruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka sake sarrafawa a hukumance bai kai rubu'i ba.

A 2013 Bas van Abel ya kafa kamfanin Fairphone a Amsterdam, ƙasar Holan. Da notuna ake haɗa wayoyinsu, don haka da ƙaramin sukudireba za ka canza sikirin ko kyamara da kanka.

Shi kuwa Kyle Wiens, shi da abokinsa suka buɗe iFixit a Amurka a 2003. Shafin na koyar da gyara kyauta, yana kuma ba wayoyi maki gwargwadon sauƙin gyaransu.

Dalilinsu ɗaya ne: mafi yawan gurɓatar da waya ke jawo wa muhalli tun wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta ne, ba wajen caji ba. Kafin ka sayi waya, tambayi mai gyara ko ana samun batirinta da sikirinta a kasuwa.