Hawan Jirgin Sama Bayan Tiyatar Ƙara Kitse a Mazaunai

A cikin wannan takarda za mu duba matsalar da ke fuskantar matan da kan tafi ƙasashe irin su Turkiyya domin a zuƙe kitse daga cikinsu ko cinyoyinsu, a zuba musu a mazaunai. Matsalar kuwa ita ce gaggawar hawa jirgi a koma gida.

Da farko dai, tiyata takan sa jini saurin daskarewa, dogon zama kuma yakan ƙara tsananta wannan hali. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tafiyar awa 4 ko fiye tana ninka haɗarin samun gudan jini a jijiyar ƙafa. Idan gudan ya ɓalle ya toshe huhu, ana iya rasa rai. Daga Istambul zuwa Landan kuwa kimanin awa 4 ne.

Na biyu, kitsen da aka dasa bai riga ya kama ba, don haka likitoci kan hana zama a kansa har mako 2 aƙalla. Amma a jirgi tilas ne a zauna a ɗaura ɗamara yayin tashi da sauka.

Saboda haka muna ganin likitan da ya yi aikin ne ya kamata ya tsayar da ranar komawa, ba tikitin jirgi ba. In an tashi, a sa matashi ƙarƙashin cinyoyi, a riƙa tattaki, a yawaita shan ruwa. Wadda ta ji kumburin ƙafa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, sai ta nemi asibiti nan take.