Kagarar Keta: awa ɗaya daga Lome, kuma teku na cinye ta

Mazauna Zongon Lome da dama sun san Aflao kamar tafin hannunsu, suna tsallaka iyakar Ghana safe da yamma don saye da sayarwa, amma kaɗan ne suka taɓa ƙarasawa Keta. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga bakin iyaka, ta Denu. Garin na zaune a kan wani siririn tudun rairayi, teku a kudu, babban tafki a arewa, ta yadda mai zuwa zai ɗauka tsibiri ya shiga. A bakin ruwan ne Prinzenstein take, tsohuwar kagarar Turawa.

Turawan Danmak ne suka gina ta a 1784, bayan sun ci mutanen Anlo da yaƙi. A ɗakunanta na ƙasa aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. Danmak ta haramta cinikin bayi daga 1803, sai dai a wannan gaɓar tekun an ci gaba da yin sa a ɓoye shekaru da dama. A 1850 aka sayar wa Ingila da kagarar, daga baya ta zama gidan kaso.

Abin da ya haɗa ginin da Zongo ya faro ne a 1874. A shekarar ne Ingila ta ci Asante da yaƙi, ta kuma kafa ikonta sosai a Keta, inda ta girke dakarun da ake kira sojojin Hausa. Sunan ya fi gaskiyar faɗi, don cikinsu akwai 'yan arewa na ƙabilu daban-daban, har da bayin da suka gudo, Hausa ce kawai harshen bariki. Tare da soja sai ga kwastan, da haraji mai nauyi a kan giya da taba da albarushi. 'Yan kasuwa suka matsa gabas zuwa Denu da Aflao. Ingila ta bi su ta haɗiye garuruwan biyu a 1879, sai suka ƙara matsawa 'yan kilomitoci, suka kafa rumfuna a bakin tekun Be wajen 1880. Wannan kasuwar gudun haraji ita ce ta zama Lome, kuma fataken Hausawa masu bin hanyar Salaga da goro ba su daɗe ba suka sauka a can. Jamus ba ta kafa tutarta a yankin ba sai 1884.

Mai ziyara kada ya sa ran ganin katafaren gini irin na Elmina ko Cape Coast. A 1979 hukumar UNESCO ta sa kagarar cikin kayan tarihi na duniya tare da sauran kagarun gaɓar Ghana, a 1980 kuwa igiyar ruwa ta rushe babban ɓangarenta. Masana na ɗora wani kaso na laifin a kan madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta tare rairayin da kogin Volta ke kawowa gaɓa. An jibge manyan duwatsu don kare garin a farkon shekarun 2000, amma titunan tsohuwar Keta da yawa sun riga sun shige ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya rage shi ne wasu ɗakunan tsare mutane masu duhu da ƙarancin iska, da tsofaffin igwa, da bangon da gishiri ke ci. Awa ɗaya ta isa a zagaya, kuma ya fi kyau a bi ɗan jagora, don bangon shi kaɗai ba ya bayani. Zongon Lome na asali ma babu shi yanzu: a 1977 hukuma ta rushe shi daga tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa arewa, wajen Agoè.

Wanda zai je ya riƙe takardar shaidarsa ta tafiya cikin ƙasashen CEDEAO da katin rigakafin shawara, ya kuma canza sefa zuwa sidi tun a Aflao.